Jinin da Ya Ƙi Jin Maganar Sarkin Aska

Muna yara a ƙauyenmu na gabas da Kanan Bakashe, idan babba ya faɗi, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ɗaya ake yi: iska ta buge shi. A kai shi ɗaki, a yi mashi turare, a ba shi rubutu, a jira. Babu mai tambayar inda abin ya fito, don babu mai amsa. Yau kuwa ana kwantar da mutum a Maraɗi, a tura kanshi cikin na'ura mai baki kamar na rijiya, a fito maka da hoton ƙwaƙwalwarshi a baƙar leda, a nuna maka wurin ciwon da tsinin biro. Na daɗe ina ɗauka da an ga ciwo an gama da shi. Yanzu na san ana iya nuna wa mutum abin da zai kashe shi, ya duba da kyau, ya gyaɗa kai, ya koma gida ya yi abin da ya saba.

Yayana, Sarkin Askan yankinmu, ya rasu bara bayan an gama yankan gero. Allah Ya yafe mashi, Ya sanyaya makwancinshi. Ina rubuta wannan don jikokinmu, kada su tashi su ji sunanshi kawai.

Ranar sadakar uku tabarmi ba su isa ba. Wani tsohon Bafillace, abokin Yaya tun suna samari, ya taso a ƙasa daga rugarsu ta wajen Urafan. Bai gaida kowa ba sai da ya tsaya gabana ya cire malafa. Furfura ta cika kan, ta sauko har kunne.

"Wata biyu ban yi aski ba," ya ce. "Ina jiran shi tashi. To yanzu wa zan ba kan nan?"

Wani dattijo daga Mairairai ya dubi jama'a ya ce, "Ku yi mashi addu'a da gaske. Duk namijin da ke bisa tabarmar nan ta hannunshi ya bi, kuma ban ji wanda ya kai ƙara ba." Dariya ta kubce wa mutane a wurin makoki, liman ya yi gyaran murya, shi ma yana ɓoye bakinshi da rawani. Cikin gida mata na lissafin jariran da ya yi wa askin suna, wata ta ce nata takwas ne, da ita kanta tara.

Ni kuwa na kasa zama. In zauna, in tashi, in zagaya bayan rumbu, in dawo, yatsuna biyu bisa wuyan hannuna. Matar Yaya ta hango ni ta kan danga. Tun ina saurayi take kirana angonta, irin wasan mace da ƙanin miji, kuma takaba ba ta hana ta ba.

"Angona, ka zamna mana. Kana ta kai da kawo kamar kaza mai jin ƙwai. Ko nan ma mota kake jira?"

Ta san ni. Ban taɓa zama wuri ɗaya ba. Zabirar wanzanci ta ubanmu, jakar fatar da ake zuba asake da ƙahoni, Yaya ne ya gaje ta. Ni jini ke sa mani jiri, sai na bi manyan motoci. Na yi Kano, na yi Ikko, na yi Abijan shekara goma sha, na ratsa hamada zuwa Tamanrasat, na zauna Jidda. Na kwaso Faransanci da Larabci da ɗan Yarbanci a hanya. Yaya bai taɓa wuce Damagaram ba. Sarkin Yawo yake kirana, kuma in na dawo da labarin duniya sai ya saurara har ƙarshe, sannan ya kama haɓata ya juya ta hagu da dama.

"Duk ƙasashen ga babu mai aska? Dubi yadda sunka ɓata maka ƙeya."

Gaskiyarshi. An yi mani aski a shagunan Abijan masu madubi bango guda, an yi mani ƙaho a Jidda da kofunan gilashi, mai yi sanye da safar hannu. Ban haɗu da hannu irin nashi ba. Ba ya magana muddin aska na bisa wuyan mutum. Kafin ya fara yakan ce, "Kar ka motsa, kunnuwanka biyu ne kacal, kuma ba ni da na canji." Ranar kasuwar Urafan, kafin ya taɓa kan kowane mai babbar riga, akwai wani mai taɓin hankali da ke kwana bayan rumfar mahauta. Shi yake fara yi wa aski, ya wanke mashi kai da sabulu, masu riga na jira suna tsaki. Tsofaffin da ciwo ya kwantar har iyalansu suka fara toshe hanci, yana bin su ɗaki ɗaki ranar Alhamis.

Amma abin da ya kai sunanshi har Tasawa da Mayahi shi ne tsaida jini. Ana cewa jini na jin maganarshi. Kaciya ce, tsaga ce, sara ne na lauje, da ya ɗora babban yatsa ya motsa leɓe, an gama. Wata rana na matsa mashi ya gaya mani asirin.

"Yatsa ne, da haƙuri, da garin bagaruwa," ya ce. "Leɓen kuma salati nike. In ka hwaɗa ma kowa ni da kai ne."

Shekara uku ke nan, a kasuwar Urafan, yana tsakar aske wannan Bafillacen, aska ta zame daga hannunshi ta faɗi cikin rairayi. Ya buɗe baki ya ba da haƙuri, maganar ta fito a hargitse kamar ta mai mafarki. Kafin mutum ya shanye ƙwaryar fura komai ya dawo daidai. Ya ɗauki aska, ya goge, ya ƙarasa askin, ya ce rana ce. Babban ɗanshi, wanda shi ma furfura ta fara fito mashi kuma shekara ashirin yana aiki a gefenshi, ya kira ni a waya. Na taɓa ganin irin wannan ga wani direba a Abijan, wanda bai yi wata ba ya faɗi gaba ɗaya. Na zo na sa Yaya a mota yana ta faɗa.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Mayahi, ya riƙe wuyan hannunshi ya daɗe, ya ce mu wuce Maraɗi. Can wata likita, yarinya sa'ar ƴaƴanmu, ta manna mashi wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane kamar sawun ƙadangare. Sannan aka tura shi cikin sikana, na'urar nan mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Na shirya in yi tafinta, sai ta juya ta yi mashi Hausa tas.

"Baba, ka san lugude? In mata uku na daka, kowace taɓarya da lokacinta. Zuciyarka ta ɓata luguden. Tana bugawa, ta yi sauri, ta tsallake. In ta yi haka jini yakan kwanta a wani lungu nata ya yi guda, kamar nono in ya kwana. Ran da gudan ya ɓalle sai ya bi jijiya ya hau kai, ya toshe hanya."

Ta ɗaga hoton wajen haske. Tabo biyu baƙaƙe, kowane bai fi ƙwayar wake ba. Ta ce ɗaya sabo ne, ɗaya ya daɗe, ya shige shi bai ma sani ba.

Na zaci zai tsorata. Fuskarshi ta washe.

"Ka ji ko, Sarkin Yawo? Mataccen jini! Abin da nike hidda ma mutane shekara hamsin. Ɗiyata, ashe sana'armu guda."

"Kusa dai, Baba. Sai dai ƙahonka ba ya kaiwa can."

Ta rubuta mashi ƙwayar da ke tsinka jini don kada ya yi guda, kullum, har iyakar rai. Ta ce muddin yana sha, ba ƙaho, ba tsaga, ya kuma kiyayi bakin aska, don in ya yanke jinin zai daɗe bai tsaya ba. Ta faɗa sau biyu. Ya gyaɗa kai sau biyu. Hoton kuwa ya zama abin alfaharinshi. Ya rataye shi a zaure, duk wanda ya zo aski sai ya ɗaga mashi shi wajen rana.

"Ga cikin kaina. Wa ya ce babu komi ciki?"

Ya sha maganin sosai har bazara ta zo.

A gidanmu akwai al'ada tun kakanni. Kafin ruwan farko, manoma na zuwa a yi masu ƙaho don jiki ya yi sauƙi kafin shuka. Amma ba a taɓa kowa sai babban gidan ya fara zama a ƙofar gida, gaban jama'a, an kafa mashi ƙaho a ƙeya. Wanzami ba ya ba mutane abin da bai yarda a yi mashi ba. Ranar da aka taru, Yaya ya tuɓe hula ya zauna bisa turmi. Ɗanshi ya sunkuya ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Baba, likita ta hana."

"A Maraɗi ta hana. Nan ƙohwar gidana ce. Kahwa."

Ya kafa, ya tsaga, ya tsotsa. Da aka cire ƙahon jini ya ƙi tsayawa. Ɗan ya danna, Yaya ya kai nashi yatsan baya ya danna, aka zuba bagaruwa, aka sake zubawa. Tun hantsi har aka kira azahar yana tsiyaya, rigar ta jiƙe har kugu. Ƙarshe bisa babur aka kai Sarkin Aska wurin majo ya naɗe mashi ƙeya da bandeji. Mutane suka watse ba hayaniya. Wani ya ce, yadda za a ji, asirin ya karye. Shekarar nan rabin manomanmu wurin wani wanzami na Mairairai suka tafi.

Ina Agadas lokacin. Labarin ya iske ni a taƙaice, kuma ban bi diddigi ba. Kowane wata ina sa a kai mashi maganin ta motar kasuwa, shi kuma ya kira ni.

"Saƙo ya iso. Allah shi yi albarka."

Bai yi ƙarya ba. Saƙon yana isa.

Da babbar salla na zo gida. Yaya ya zaunar da ni ƙarƙashin itacen bedi zai gyara abin da ya kira ɓarnar ƴan birni. Yana gwada kaifin aska sai ta ɗan ci yatsanshi. Ya danna, ya motsa leɓe, ya saki. Jinin ya tsaya cak. Ya kawo yatsan gaban idona yana murmushi, kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Na jira sai da aska ta bar wuyana.

"Yaya, ka bar shan maganin."

"Jinina ya dawo hayyacinshi."

"Jinin da ke tsayawa a yatsa shi ke tsayawa a zuciya. Ka ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na ji. Kai ka ji abin da mutane sunka ce? Ba ka nan. Kullum ba ka nan." Ya shiga wasa aska bisa fata da ƙarfi. "Wanzamin da jininshi ke zuba gaban mutane, wa zai miƙa mashi ɗanshi? Kai da ka guje ma zabira don tsoron jini, yau kai za ka koya mani jini?"

"Hoton da ka rataye a zaure ba lambar girma ba ce, Yaya. Gargaɗi ne."

Ya naɗe askar.

"Kai ƙanena ne ko ubana? Tashi, na gama."

Bai taɓa gemuna ba. Washegari da safe na hau motar Tasawa.

Na sha gaya wa kaina cewa a wurinmu ƙane ba ya tilasta wa wa. A Abijan na ga ɗa yana tsaye kan ubanshi da kofin ruwa har sai ya haɗiye, a Jidda na ga mace tana yi wa mijinta tsawa gaban likita, na ce mu ba haka muke ba. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ina iya zama mako guda in lallashe shi. Ina iya kiran liman, ko Bafillacen nan da yake jin maganarshi. Ina iya maida shi wurin likitar mu tambaya yadda mai sana'a irin tashi zai yi. Tafiya ta fi mani sauƙi, sai na tafi. Na ci gaba da aika maganin, ya ci gaba da cewa saƙo ya iso, kowa ya san abin da ɗan'uwanshi ya sani.

Abin ya zo da safe, ranar wani suna, gero na gab da nuna. An yanka rago, an fito da jaririya a yi mata aski. Yaya ya durƙusa, aska a hannu, ungozoma na miƙo mashi ita. Waɗanda ke wurin sun ce ya dubi hannunshi na dama kamar na wani. Bai karɓi jaririyar ba. Ya sa hannun hagu ya zare askar daga na dama, ya ajiye ta can nesa a ƙasa, ya ce da ɗanshi, "Karɓe ta." Sannan ya kife. Maganarshi ta ƙarshe ke nan.

Amalanke cikin rairayi, sannan mota, sannan wata motar. La'asar ta wuce kafin su kai Maraɗi, ni ma na iso daga Kano. Likitar ta jera hoto biyu, na da da na yau. Ƙwayoyin waken suna nan, amma gefen hagu yanzu baƙi ne kamar faɗin tafin hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko yana shan maganin. Ɗanshi ya sunkuyar da kai. Na amsa da Faransanci don kada matar Yaya ta ji.

"Ba sai ka yi nasaranci ba, angona," ta ce. "Ni ke share ɗakin."

Bayan mako biyu muka maido shi gida, ɓarin dama a shanye, baki ba magana, ido kuwa tar. Na zauna. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai ban yi wata biyu a ƙauyen nan ba sai wannan karon. Ina juya shi, ina ba shi kunu da cokali, ina ba shi labarin ƙasashen da bai nema ba.

Wata rana bayan azahar ina gyara mashi matashi, ya cafke wuyan hannuna da hannun hagu. Na zaci tashi yake so. Sai na ji yatsu biyu sun lalubi jijiya sun kwanta, yadda ya ga majo ya yi mashi. Ya daɗe. Sannan ya sake ni ya shiga buga tabarma da yatsa: ɗaya, biyu, shiru, sai uku a guje, shiru. Ya ɗago ya dube ni.

Fiye da shekara ina jin wannan abin a ƙirjina, kamar tsuntsu cikin buhu. Ban gaya wa kowa ba. Ni da na san harshe huɗu, na kai Yaya asibiti, na yi mashi wa'azin gargaɗi.

Ya dubi ɗanshi, ya dubi zabirar da ke rataye. Aka sauko da ita. Ya yi ta nuni har ɗan ya zura hannu cikin aljihun ciki, inda ubanmu ke ajiye layu. Kwalayen magani ne, a jere, ba a ɓare ko ɗaya ba. Ya sa bayan hannu ya turo su gabana.

"Yaya, wannan naka ne."

Ya doke ni a gwiwa. Da ƙarfi, irin na lokacin da muke yara.

"To, na ji. Za ni."

Bai sake ni da ido ba sai da na rantse. Kwana tara bayan haka ya cika, da hantsi, kanshi bisa cinyar matarshi.

Shi ya sa na kasa zama a wurin makoki. Washegarin sadakar uku na tafi Maraɗi da kwalayen cikin leda. Likitar ta karɓe su ta ajiye gefe, ta ce ba ta ba mutum maganin wani, sai ta auna ni. Takardata ta fito da irin sawun da tashi ta yi. Suka tura ni cikin sikana. Tabo ɗaya, ƙarami, tsoho. Har yau ina lissafin a wace ƙasa na same shi, ina tuƙi ko ina barci, kuma wa ke cikin motar.

Bana da bazara ta zo, manoma suka taru a ƙofar gida, ba su kai na da yawa ba. Zabira na kafaɗar ɗan Yaya. Babban gida yanzu ni ne, don haka ni zan fara zama. Na tuɓe hula na hau turmin. Ɗan ya matso da ƙaho. Maimakon ƙeya sai na miƙa mashi wuyan hannu, na ɗaga murya.

"Jama'a, zuciyata na tsallake kamar ta marigayi. Ina shan maganin tsinka jini. In anka tsaga ni, jinina ba ya tsayawa, ko wa ya danna. Nashi ma abin da ya hana shi tsayawa ke nan. Babu asirin da ya karye. Ba za a yi mani ƙaho ba, bana ko baɗi."

Sai tsohon Bafillacen ya taso, kanshi har yanzu ba aski, ya ture ni daga turmin ya zauna, ya miƙa nashi hannun.

"Taɓa nawa, ɗan Sarki. In lugudena daidai yake, ka raba ni da gashin nan."

Nashi daidai yake. Aka yi mashi aski, aka kafa mashi ƙaho. Cikin waɗanda suka biyo baya ɗan ya tsaida mutum biyu, ya ce su je wurin majo tukuna. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya yi fushi ya nufi Mairairai.

Hotuna uku ne yanzu a zaure, biyu nashi, ɗaya nawa. Na bar bin hanya mai nisa. A ƙofar gidanmu ba a ƙara kafa wa kowa ƙaho ba sai an riƙe wuyan hannunshi an tambaye shi maganin da yake sha. Ni kuma kowace safiya matar Yaya tana tsaye kaina da moɗa har sai na haɗiye.